Kwakwar Lupesina Ta Dawo

A Motulea har waƙa aka yi wa haƙurin Lupesina. Mata kan rera ta ranar kai amarya, suna kallon yarinyar ta gefen ido ko tana ji. Waƙar ta ce Lupesina ruwan bayan duwatsun murjani ce, teku na hauka a waje ita tana kwance. Idan mace ta ɗaga wa mijinta murya har maƙwabta suka jiyo, surukarta ba ta cewa komai, sai ta nuna gidan Lupesina da leɓe.

Ita ma Lupesina ta yarda da waƙar, ba don girman kai ba. Ta leƙa cikinta ne ta ga babu komai. Tun tana yarinya ɗanya take ɗakin Tolovae, ga shi furfura ta cinye kanta, amma ko za a yanka ta ba za ta iya tuna rana ɗaya da ya ɓata mata rai ba. Matan da ke zuwa kuka a kan tabarmarta takan ba su gasasshiyar gwaza, ta shafa bayansu, a ranta tana mamakin inda suke samo irin waɗannan maza.

Tolovae ba mugu ba ne. Mutum ne mai dariya, mai kyauta, sai dai da kayan matarsa yake kyautar. Tabarmar da ta yi damina guda tana saƙawa, baƙo ya yaba, sai ya naɗe masa ita. Aladen da ta kiwata, abokansa suka ci kokawa, sai ramin gashi. Yakan fita su da asuba ya dawo da labarin kifin da ya kusa kamawa. Abu ɗaya ne duk tsibirin ba wanda ya kai shi, wato kula da itatuwan kwakwa. Ya dasa su jere a bayan gida, yana share gindinsu kamar ɗakin amarya. Duk ranar da ya ga fuskar matarsa ta fara canzawa, kafin ta buɗe baki ya ɗaure ƙafafunsa da igiya ya haye, ya sauko da ɗanya, ya huda mata ido, ya ajiye a bakin ƙofa da ɗan ƙaro a gefe.

"Kin kwana biyu ba ki gai da Yaya ba," zai ce.

Kwakwa dai aikinta ɗaya ne tun kakanni. Ka kira sunan wanda kake nufi da na uwarsa, ka kafa baki a idonta ka faɗi abin da ke ranka, ka toshe da ƙaro, ka ba teku. Ko iska na gaba ko tana baya, sai ta je. Wanda aka aika wa ya sha ruwan, maganar ta sauka a cikinsa da zafinta ko sanyinta, ta zauna kamar a kansa abin ya faru. Kai kuwa ka rabu da ita ke nan, abin da ka zuba a kwakwa ba ya kwana a kanka. Shi ya sa mai hankali ba ya aike sai da maƙwabci a gefensa, wanda zai maimaita masa abin da ya faɗa, kada ya gayyaci mutane biki ya manta bai dafa ba. Shi ya sa kuma ba a zuba ƙauna ko kewa a ciki. Har yau ana dariyar wani saurayi da ya aika wa budurwa duk son da yake mata, ranar da ta iso da danginta ya tare su a gaɓa yana tambayar wa suke nema. Abin da za ka iya rayuwa babu shi, shi ake aikawa.

Lupesina ba ta taɓa kiran maƙwabciya ba. Ita kaɗai take zuwa kan dutsen da ke fitowa idan ruwa ya janye, ta daɗe bakinta a manne, ta ɗaura ɗan zaren kaba a wuyan kwakwar yadda yayarta za ta gane ta tun daga nesa, ta jefa. Ta dawo gida sakayau, da yunwa, tana ƴar waƙa. Abin da ta sani kawai shi ne ta gai da Yaya. Tana ma alfahari da hakan, don duk tsibiran nan babu yayar da ake tunawa da ita kamar Fetuao.

Fetuao ce ta goye ta bayan rasuwar uwarsu. Ita ce mai rawa a gidan, mai dariyar da ke tayar da tsuntsaye daga kan rufi. Aure ya kai ta Nukutea, tafiyar yini ɗaya a kwale-kwale idan iska ta yarda. Ba su sake ganin juna ba, to me za a je yi, ga kwakwa? Amsarta ba ta da yawa, kuma ba ta wuce kalma biyu zuwa uku: na sha, muna lafiya. Daga baya masunta suka fara kawo labarin cewa Fetuao ta zama wuta, harshenta ya fi ƙayar kifi. Lupesina takan girgiza kai ta ce, "Yaya ta canza. Auren ne bai karɓe ta ba."

Akwai abu guda da waƙar ta fi yabo. Lupesina ta taɓa haihuwa. Ta san haka, don mutane sun gaya mata. Mace ce, sunanta Malie, ta fara tafiya zazzaɓi ya ɗauke ta. Ga ɗan kabarin nan a gefen gida da fararen duwatsu kewaye, Tolovae ke share shi. Lupesina kan wuce ta gefensa a hankali, yadda ake wuce kabarin ƴar maƙwabta. Waƙar ta ce uwar ta yi kukan yini guda, ta je bakin teku, ta dawo ta ɗauki saƙarta.

Wata safiya tana wanke gwaza a gaɓa sai wani abu ya bugi idon sawunta. Kwakwa ce, da zaren kaba a wuya, ƙaron yana nan yadda ta liƙa shi. Ta ɗauka ta kai gida.

"Wa ya aiko?" in ji Tolovae.

"Ni na aika."

Ya ajiye tarun da yake ɗinki. "To mayar da ita mana. Wataƙila Yaya ta yi tafiya."

"Kwakwa ba ta ɓatan mutum, tsoho. Hannu ne ya mayar da ita ruwa."

"Ai ta kwana a gishiri, ruwanta ya lalace. Kawo in ba aladu."

Ba ta taɓa ganin yana tausayin aladu haka ba. Ta ɓare ƙaron da farce, ta kafa kai.

Ɗaci ne ya fara isa, sannan muryarta, wadda ba ta san tana da irinta ba. Kunnuwanta suka yi zafi. Ta sauke kwakwar ta dubi mijinta kamar yau aka kawo shi gidan.

"Ina akushin Inna?"

"Wane akushi?"

"Wanda ta bar mana. Wanda ka ba makaɗin nan mai tsagaggen leɓe don ya ambaci sunanka a waƙa."

Hannun Tolovae ya riga ya kai ga igiyar hawa.

"Ajiye igiyar nan," ta ce.

Ya ajiye. Suka wuni a gida ɗaya da fushin, kamar an kawo musu baƙon da ba wanda ya san inda za a shimfiɗa masa tabarma.

Washegari wata kwakwar ta zo, wannan karon daga Tuvale, ɗan Fetuao. Da ta sha sai kunyar yaron ta sauka a wuyanta har ta kasa ɗaga kai. Dattawan Nukutea sun yanke magana: idan iska ta juya, za a kai uwarsa Motuiti, ɗan tudun yashin da ake ajiye waɗanda gari ya kasa zama da su. Ana kai musu abinci a ajiye a gaɓa, a juyo ba a yi magana ba. Zagi an daɗe ana haƙuri da shi, in ji Tuvale. Amma mai gari zai gina rumfar sabon kwale-kwalensa a bayan gidansu, ɗansa ya zo ya fara kwashe wasu duwatsu da ke wurin, Fetuao ta fasa masa goshi da filafilin tuƙi. Ta ce duk wanda ya sake taɓa su sai ta ƙarasa shi.

"Gyara jirgi," Lupesina ta ce wa mijinta.

"Ki aika mata mana. Ga ɗanyu nan sun nuna."

"Gyara jirgi, Tolovae."

Suka isa Nukutea rana ta karkata. Tun daga nesa Tolovae ya hangi wata ƴar tsohuwa a bushe kamar saiwa, zaune a kan yashi. Ta sa hannu a goshi tana kallon jirgin, sai ta miƙe, ta ɗauki wani guntun itace.

"Kai ne mai kyauta da aladun mutane?" muryarta ta ratso ruwan. "Matso. Matso in ga fuskar da nake zagi tun kafin haƙorana su zube."

"Barka da yamma, Yaya," in ji Tolovae, yana tuƙi da baya.

"Yayarka tana gidanku. Ina tabarma mai jan baki? Ina gwazar da aka ajiye don iri? Ka ci ta ranar da ruwa ya hana ka fita, ka ce ɓera ne. Ɓera mai gasa abinci."

Tolovae ya ce shi zai kwana a jirgi, don ya ga kamar igiyar ba ta da ƙwari. Lupesina ta tattare zane ta sauka a ruwa.

"Wace ce wannan?" in ji tsohuwar.

"Ni ce, Yaya."

"Muryar na sani. Fuskar ce baƙuwa." Ta zagaye ta tana dubawa. "Kin yi ƙiba. Dole. Ke kina cin kifi, ni ina shan ɗacinsa."

A cikin ɗaki Tuvale da matarsa suka kawo abinci suka fice da sauri, kamar masu ajiye wa kada nama. Fetuao ta zauna nesa da ƙanwarta. Lupesina ta rasa ta inda za ta fara, don ba ta saba magana da yayarta ba tare da ɓawo a tsakaninsu ba.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya min ba?"

"In gaya miki a ina? A kwakwa? In ce na gaji, in manta na gaji, gobe in sake sha?"

"To me ya sa kika sha tun farko?"

"Wa zai sha? Kashinki ma ni na wanke." Ta tofar da ƙaya. "Mijina, kin san shi, mutum ne da ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Ya mutu yana ba ni haƙuri a kan aladun da bai taɓa gani ba. Idan abin ya taso, namijin da ke kusa shi ne Tolovae."

"Yanzu kuma kin daina."

"Za su kai ni Motuiti. Na ce bari in yi fushi nawa na kaina ko sau ɗaya kafin in mutu. Na laluba cikina, duk wanda na taɓo sai in ga naki ne."

Lupesina ta dubi hannuwanta masu laushi. A hanya ta riga ta tsara abin da za ta ce, ta kuma ji daɗin kanta da ta tsara shi.

"Ki mayar min da su, Yaya. Duka. Ki zuba, ni in sha."

Ta yi zaton godiya. Fetuao ta yi wata dariya mara daɗi.

"In mayar miki, me zai rage min naki? Ban san gidanki ba sai ta inda yake yoyo. Amma na san shi. Na san inda kike ajiye wuƙa, na san wace maƙwabciya ce ke aron tukunya ta dawo da ita ba wanki. In zubar da wannan, sai in zama tsohuwar da ta taɓa yin ƙanwa."

Da safe Lupesina ta zagaya bayan gida, ta ga duwatsun da aka yi rigimar a kansu. Farare ne, an jera su kewaye da ɗan fili wanda bai fi tsawon hannu ba, an share tsakiyarsa, an sa sababbin furanni. Ta san wannan jerin. Kullum tana wuce irinsa.

"Wa aka binne a nan?"

"Ba kowa," in ji Fetuao daga bayanta. "Ƴarki ce."

Iska tana kaɗa ganyen ayaba. Lupesina ta tsaya tana jiran wani abu ya motsa a ƙirjinta, bai motsa ba.

"Duka kika zubo ta," Fetuao ta ce, muryarta ta sauka. "Ba ki rage ko farce ba. Ban taɓa ɗaukarta ba, amma hannuna ya san nauyinta. Tana da wushirya. Kanta yana ƙanshin man kwakwa da hayaƙi. Alade da ubanta suna ɗaya take kiransu, yarinya mai basira. Sauran tarkacen mijinki, idan kin nace, zo ki kwashe. Wannan ba zan ba ki ba. Ba ki san abin da kike roƙo ba."

Lupesina ta je gaban dattawa. Suka tashi tsaye, don waƙar ta riga ta zuwa Nukutea da shekaru. Mai gari ya sa aka ba ta ƙwaryar farko ta ruwan ava, abin shan dattawa, abin da ba a yi wa mace. Ta roƙi a bar ta ta zauna da yayarta zuwa juyawar iska, in ta gyaru a fasa kai ta Motuiti.

"Uwar haƙuri da kanta," in ji mai gari, ya waiwayi sauran. "Idan zama da ita bai gyara Fetuao ba, ai sai Motuitin. Mun yarda. Amma duwatsun nan sai sun tashi. Ko su, ko ita."

Haka aka fara. Kwakwa ba ta kai saƙo sai ta taɓa ruwan gishiri, don haka Fetuao take zama a kan dutse a bakin gaɓa, Lupesina ta tsaya cikin ruwa iya gwiwa, tazarar da ko tofi zai kai. Ɗaya ta zuba ta toshe ta jefa, kwakwar ta yi ɗan lilo ta je ta bugi ƙafar ɗayar. Tolovae aka sa hawa, tunda ba wanda ya kai shi iyawa. Ya wuni yana tsinko ɗanyu yana huda musu ido, kowace ya san da sunansa za ta dawo.

"Wannan ta yi ƙanƙanta," Fetuao za ta ce. "Maganar budurwar nan ta ƙauyen gabas ce. Nemo babba."

"Yaya, ai wannan rawa kawai muka yi."

"Matarka za ta gaya maka irin rawar, ɗan jira kaɗan."

Da yamma kuma Lupesina ke biya. Takan zauna kusa da yayarta tana taje mata kai, tana ba ta abubuwan da ba a sawa a kwakwa. Yadda Tolovae ya taɓa goya ta daga gona har gida da ƙaya ta soke ta, yana waƙar banza don kada ta ji zafi. Yadda hasken safiya ke shigowa ta ƙofar gabas ya kwanta a kan saƙarta. Yadda duk shekara, idan itacen da ke bakin rijiya ya yi fure, take tuna rawar Fetuao, ta ƙi aikawa don kada ta rasa. Ta faɗa da baki, ta duba, ta ga suna nan ba su ragu ba. Abin ya ba ta mamaki ƙwarai.

Mutanen Nukutea suka ga abin al'ajabi. Fetuao ta gai da maƙwabciya. Ta ɗauki jikanta ba ta ce kansa irin na malalata ba ne. Wata rana aka ji dariya ta tayar da tsuntsaye daga kan rufi, tsofaffi suka leƙo suna tambayar wace baƙuwa aka yi. Mata suka riƙa kawo jarirai Lupesina ta shafa musu kai ko haƙurin zai kama su. Ranar da ta bi aladen mai gari da dutse tana zagin kakanninsa don ya taka mata shanya, sai suka ce wayyo, baiwar nan, zama da Fetuao ba wasa ba ne.

Sai tsuntsayen teku suka fara komawa kudu, gajimare ya canza wurin kwana. Iska ta kusa juyawa. Ɗan mai gari, da tabonsa a goshi, ya zo ya tsaya daga nesa ya ce gobe za a kafa ginshiƙai. Fetuao ta saurare shi da fara'a, ta tambayi lafiyar uwarsa, sannan ta shiga ɗaki ta fito da filafili ta zauna a gefen duwatsun.

Lupesina ta zo ta zauna kusa da ita.

"Saura ɗaya, Yaya."

"Na ce miki a'a."

"To gobe ki fasa wani goshin, su kai ki Motuiti. Can ma babu duwatsun."

"Zan jera wasu."

"Ke kaɗai, ki yi ta share kabarin da ba kowa a ciki. Ni kuma in koma in ci gaba da wuce wanda take ciki kamar na ƴar maƙwabta." Ta ɗora hannu a kan filafilin. "Ki ba ni in sha. In na sha ba inda za ni, nan zan zauna in faɗa miki ita da baki, tun daga wushiryar."

"Zai zama labari kawai."

"Zai zama labari."

"Yadda kika zuba shi haka zai dawo, Lupe. Bai huce ba. A cikina ma bai huce ba."

"Na sani. Ni na haife ta."

Fetuao ta daɗe tana kallon furannin. Sannan ta ɗaga murya ba tare da ta waiwaya ba. "Kai mai hawa. Nemo wadda ta fi kowace."

Tolovae bai yi wasa ba wannan karon. Ya hau itacen da ya fi tsawo, ya sauko da ita a rungume maimakon ya jefo, ya huda, ya miƙa da hannu biyu.

Rana tana tsaka lokacin da Fetuao ta kafa baki. Ta daɗe fiye da kullum, kafaɗunta suna rawa. A hankali rawar ta ragu, ta tsaya. Ta toshe, ta sa a ruwa kamar mai kwantar da jariri. Kwakwar ta zo ta tsaya a gwiwar Lupesina.

Ruwan ba ɗaci. Wannan ne ba ta shirya masa ba. Zaƙi ne da ɗumi, sai nauyi ya sauka a hannunta na hagu, ƙanshin mai da hayaƙi ya cika mata hanci, wasu ƴan yatsu suka kama gashinta. Sannan sauran ya biyo baya. Ta zauna a cikin teku, ta yi wani sauti da ya sa masu shanya taru suka tsaya cak.

Tolovae ya faɗa ruwan da gudu ya tallafe ta. Ta buge shi a ƙirji, saboda akushi, saboda aladu, saboda budurwar ƙauyen gabas, saboda kwakwar da ya miƙa mata a wancan yinin ma. Bai sake ta ba.

"Kunnenta take ja idan tana jin barci," ya ce. Tun da aka binne yarinyar bai sami wanda zai gaya wa wannan ba.

"Na hagu," in ji Lupesina.

Sai tsohon ya fashe da kuka kamar yaro, ruwa yana kai musu yana komowa.

Fetuao tana kan dutse, fuskarta wasai kamar sararin bayan ruwan sama. Ta dube su da tausayi irin na maƙwabta.

"Me ya same su? Wa ya rasu?"

Lupesina ta taso, zane yana ɗiga, ta hau dutsen ta zauna har kafaɗarsu tana gogar juna. Sai da numfashinta ya dawo sannan ta yi magana.

"Gyara zama, Yaya. Ina da ƴa."

Ba a kai Fetuao Motuiti ba. Ita da kanta ta taya aka kwashe duwatsun, tana cewa ai mutane na bukatar wurin. Aka zuba su a jirgin Tolovae, a Motulea aka ƙara su a kan na gefen gida, jeri biyu. Yanzu mutum biyu ke share wurin, wani lokaci suna faɗa a kan tsintsiya. Dattawan Nukutea suka aiko wa Lupesina da alade guda na godiya, Tolovae ya buɗe baki zai yi wa wani alkawarinsa, ya dubi matarsa, ya rufe.

Itatuwan bayan gida suna nan, sai dai yanzu mai ake tatsa. Duk juyawar iska Lupesina kan sa a gyara jirgi. Tolovae ya yi tuƙin yini guda yana sauraron laifuffukansa bi da bi, a gaɓa kuma Fetuao ta tare shi da furanni a wuya, tana cewa ita ba ta ga abin da ƙanwarta ke gani a jikin bawan nan mai fara'a ba.

Waƙar ba a canza mata ko kalma ba. Har yanzu ana rera ta ranar kai amarya, sai dai idan ayarin ya zo wucewa ta ƙofar gidan Lupesina, matan kan ƙara murya, don kada amarya ta jiyo faɗan da ake yi a ciki.